Kwaɗo namu, mabuɗi a aljihun wani



Kwanan baya na raka ƙanen mahaifina, dattijo ne mai noman albasa, zuwa wani biro na cikin gundumomin nan namu, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Abin da ya kai mu ƙarami ne: kofen takardar haihuwar jikarsa, wadda lakwal ta ce a kawo kafin a rufe rajistar jarrabawa. Muka hau kabu-kabu tun da sassafe, muka isa ba a ko buɗe ƙofa ba, muka zauna gindin dogon-yaro har ma'aikaci ya zo. Yaro ne mai ladabi. Ya gaishe mu, ya shiga, ya yaye ƙyallen da ke rufe da kwamfuta, ya kunna ta, ya daɗe yana ƙwanƙwasa, sa'an nan ya fito yana sosa ƙeya.

— Baba, sai haƙuri, inji ya ƙi buɗewa.

— Ɗana, wuta ce babu?

— Akwai wuta, Baba. Kod ne babu. Wanda ya san shi an yi masa canjin wurin aiki tun wancan wata, salularsa kuma ba ta shiga.

— To, da zai tafi, ya tafi da makullin ƙofar nan?

— A'a, ya bar shi.

— Ashe ya bar muku na zaure, ya tafi da na rumbu.

Sau uku tsohon nan ya yi wannan tafiya kafin takarda ta fito, kowace tafiya da kuɗin hawa, da kuɗin abinci, da yinin ban-ruwa da ya wuce shi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya nemi goro a hannunsa. Kalma ɗaya ce ta haruffa takwas ko goma ta yi tafiya cikin kan mutum guda, aikin jama'ar kwamin ya tsaya.

Tun daga ran nan nake kula da wannan al'amari, na kuma gane ba na biro kaɗai ba ne. Daga Birnin Ƙwanni zuwa Malbaza, daga Galmi zuwa Tsarnawa, daga Badagishiri zuwa Illela, duk inda aka tura kuɗi ko aka kunna inji, akwai wata ƙofa da ke tambayar mutum lambar sirri, kuma kullum sai an sami wanda ke tsaye bakinta yana rantsuwa ɗakin nasa ne. Ra'ayina shi ne, kaso mafi yawa na wannan wahala ba laifin na'ura ba ne. Mun karɓi kwaɗo, amma ba mu tsaida wanda zai riƙe mabuɗi ba, balle inda za a aje na biyu.

Bari in fara da ma'aikata, tun da su aka ɗora wa nauyi.

A al'adar aikin gwamnati, in an yi wa mutum canji, akan zauna a miƙa aiki. A ƙirga kujeru da tebura, a duba rajista, a ba da hatimi, a ba da makullin akwatin kuɗi, kowa ya sa hannu. Wannan tsari mun gaje shi tun zamanin injin buga takarda, kuma yana da kyau. Sai dai a wurare da yawa kwamfuta na shiga lissafi kamar yadda kujera ke shiga: an ga akwati, an ga gilashi, an rubuta guda ɗaya. Ba a tambaya ko tana buɗewa, ko da sunan wa take buɗewa, ko lambar salular wa aka liƙa wa akwatin wasiƙun biro. A watan Afrilu na 2024, da aka rusa majalisun kwaminoni aka naɗa masu riƙon gudanarwa, birori da dama sun sake hannu cikin ɗan lokaci. Irin wannan lokaci ne ke nuna inda rumbu ke yoyo. Ya kamata takardar miƙa aiki ta sami sabon layi, a kuma cika shi gaban shaidu: mai tafiya ya buɗe inji, mai zuwa ya sake kalmar sirri nan take, a kashe, a sake kunnawa, a tabbata ta buɗe, sa'an nan a sa hannu.

Wani zai ce, to a cire kod ɗin mana, kowa ya huta. Ban yarda ba. Cikin injunan nan akwai shekarun haihuwar ƴaƴanmu, da takardun filaye, da sunayen masu biyan haraji da waɗanda za a ba taimako. Inji marar kwaɗo, kowane mai wucewa na iya rage wa ƙanensa shekara biyu ko ya ƙara wa gonarsa taki ashirin. Ƙasarmu ta yi doka a 2017 don kare bayanan mutane, ta sabunta ta a 2022, ta kuma yi wata a ranar 3 ga Yuli 2019 wadda ta hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba. Haka nan ban yarda da ɗayar dabarar ba, wadda ta fi yawa: kalma ɗaya tak ga dukan biro, an rubuta ta a guntuwar takarda an liƙa ƙarƙashin allon haruffa, daga sakatare har mai shara kowa ya san ta. Ran da aka sami ɓarna, wa za a tambaya? Inji zai ce mutum ɗaya ne ya shiga, alhali mutum bakwai ne. Abin da ya dace, kowane ma'aikaci ya sami ƙofarsa da sunansa. Babban mabuɗi kuwa, wanda ke iya buɗe wa saura in sun manta, a rubuta shi, a sa cikin ambulan, a liƙe, a buga hatimi, a aje cikin akwatin ƙarfe wajen shugaban ma'aikata. In an yage ambulan, a rubuta ranar da dalili, a sake kalma, a sake liƙewa. Wannan bai bukaci kuɗin proje ba, ambulan ne da alƙalami.

Amma kafin a kai ga yage ambulan, akwai abin da kowane mai taɓa inji ya kamata ya sani, domin sau da yawa kalmar na nan daidai cikin kansa, yatsu ne ke rubuta wata. Mu nan bakin iyaka muke. Injunan da gwamnati ke kawowa daga Yamai allon haruffansu na Faransanci ne, layin sama ya fara da A, Z, E, R, T, Y. Waɗanda ake sayowa daga Sakkwato da Kano kuwa na Ingilishi ne, ya fara da Q, W, E, R, T, Y. Ita kwamfuta ba ta ganin abin da aka zana bisa maɓalli, tana bin harshen da aka saita mata. A ɗauki inji mai allon Ingilishi wanda aka saita da Faransanci. Mutum ya danna m-a-l-b-a-z-a yana kallon maɓallai, abin da inji ya ji shi ne «,qlbqwq». Ya danna 1, 2, 3, inji ya karɓi &, é da alamar zance, domin a tsarin Faransanci lambobin layin sama ba su fita sai an haɗa da maɓallin manyan baƙaƙe. Tun da yake ɗige-ɗige kawai ake gani a gurbin kalmar sirri, mai rubutu bai san abin da ke faruwa ba, sai ya yi ta maimaitawa yana zargin wani ya sake masa kod. Na ga abokan aiki biyu sun yi sati ba su gaisa ba a kan wannan.

Maganin yana gaban ido. A ƙasan fuskar Windows, ɓangaren dama, in inji na da harshe fiye da ɗaya, akwai haruffa uku, FRA ko ENG. A danna a zaɓi wanda aka saba. A ƙarshen gurbin kalma akwai hoton ido; in an danne shi, ɗige-ɗige za su koma baƙaƙe, mutum ya ga abin da ya rubuta. A duba fitilar manyan baƙaƙe, domin wajen inji «Tawa» dabam, «tawa» dabam. A duba maɓallin da ke kunna lambobin gefen dama. A kuma duba sunan da ke sama, ko na mai shi ne ko na wanda ya zauna jiya. In duk an duba bai buɗe ba, a tsaya. Sababbin Windows sukan rufe ƙofa na minti goma bayan kuskure goma, wasu ma'aikatu kuma sun saita nasu ƙasa da haka, har sai babban mai kula ya buɗe. Akwai kuma wata cuta ta tsofaffin injuna: inji ya buɗe, amma shafin ma'aikata na intanet ya ƙi karɓar mutum. A dubi agogon ƙasa. In ya nuna shekarar da ta daɗe da wucewa, ƙaramin batiri ne mai kamar kwabo da ke cikin akwati ya mutu, shi ke riƙe kwanan wata in an ɗauke wuta, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon tuwo biyu ba.

Wata ƴar shawara ga mu masu son harshenmu: kada a sa ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ cikin kalmar sirri. Ran da aka zauna gaban injin da ba shi da su, sai a ciji yatsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gaggawar kai inji wajen mai gyara a ce masa ya buɗe ko ta yaya. Hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya wanke shi sarai ya zuba sabon tsari, inji ya dawo fes, aikin shekara biyar ya bi ruwa. Wasu injunan ma abin da ke cikinsu a ɗaure yake da wani kulli da ake kira BitLocker, wanda ba ya kwancewa sai da lamba mai ɗauke da alƙaluma 48. In ba a aje ta ba tun farko, ko wanda ya ƙera injin ba shi da dabara. Saboda haka kada inji na hukuma ya fita biro sai da takarda, kada a wanke shi sai an kwashe abin da ke ciki, kuma rajistar takarda, wadda wasu matasa ke yi wa kallon tsohon yayi, a ci gaba da cika ta.

Yanzu in juyo gare ku, ƴan uwana manoma, makiyaya, ƴan kasuwa, da uwayenmu mata da suka sami takardar yaƙi da jahilci. Ku ma kuna da biro, yana cikin aljihu. Jahar Tawa jahar masu tafiya biɗa ce. Daga Abijan, daga Libiya, daga Legas, abin da ɗa ya samo ta salula yake isowa, ko ta gidajen tura kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, ko ta Airtel Money da makamantansa. Mai albasar Galmi da ya loda mota zuwa Gana, da wuya yanzu a kawo masa kuɗinsa cikin buhu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun a 2010, bayan farin da aka yi, ƙungiyar Concern ta raba taimako a garuruwa 96 na wannan jaha, kimanin jika 22 kowane wata har wata biyar, wasu hannu da hannu, wasu ta tsarin Zap na kamfanin Zain, wanda daga baya ya koma Airtel. Masu bincike da suka bi sawun aikin sun samu cewa matan da aka biya ta salula sun rage tafiya da jira, abincin gidajensu kuma ya fi na saura yawan iri. Amfanin abin ba shi da gardama. Gardamar tana wajen lambobi huɗun nan da ake tambaya kafin kuɗi su fita.

Ku tsaya bakin shagon tura kuɗi ran kasuwa ku saurara. Tsohuwa ta miƙa salula, mai shago ya ce: «Inna, mene ne kod ɗinki?» ta faɗa da ƙarfi, mutum goma na ji. Wata ma ba ta san shi ba, mai shago ne ya zaɓa mata, shi ke riƙe da shi. Yawancin masu shagunan nan mutanen kirki ne, na san su. Amma mutumin kirki yakan tashi, yakan yi ciwo, yakan bar yaro a shago. Wanda ya iya rubuta ɗaya zuwa tara, ya iya danna lambobi huɗu da yatsansa, ya juya baya in ya ga dama, ba rashin kunya ba ne. Kuma kada lambar ta zama 1234, ko shekarar haihuwa, ko wutsiyar lambar salula, domin nan ɓarawo ke fara lalube.

Littattafan Turai sun ce kada a rubuta kalmar sirri ko'ina. A nan zan saɓa musu. Wannan shawara an yi ta ne don mutanen da maƙwabcin teburinsu ke leƙe, kuma in sun manta, cikin minti biyu an aiko musu sabuwa. Mu abin da ya fi cin mu mantuwa ce da mutuwa. Magidanci ya rasu da kuɗi cikin layinsa, magada na kallon salula kamar tulun da aka binne ba a san wuri ba. Ku sayi ƙaramin littafi, ku rubuta da boko ko da ajami: wannan layi, ga lambarsa, ga sunan da aka yi rajista da shi, ga kod. Ku aje shi inda kuke aje takardar gona, mutum ɗaya amintacce ya san wurin. Abin da aka hana shi ne a rubuta kod a bayan salula, ko a sa takardar cikin aljihu ɗaya da ita. Ku kuma aje katin roban da aka ɓalle sim daga jikinsa. In an yi kuskuren lambar sim sau uku, takan rufe, sai da wata lamba mai alƙaluma takwas da ake kira PUK, tana rubuce jikin katin nan. In ita ma aka yi kuskurenta sau goma, sim ta mutu.

Sai babban tushen ciwo: layin da ba da sunan mai shi aka yanka ba. Mutum ba shi da katin ɗan ƙasa, sai ya ari na wansa, ko ya sayi layi a bakin tasha wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wanda bai taɓa gani ba. Shekara biyar yana aiki da shi lafiya. Ran da salula ta faɗa rijiya ko aka sace ta, ya je a maido masa layi, a ce ina kati? Sunan da ke cikin inji dabam, fuskar da ke tsaye dabam. Ma'aikacin da ya ƙi ba shi bai yi zalunci ba. Da zai ba duk wanda ya zo da rantsuwa, da ba mai kwana da kuɗi a layi. Ga kuma layin da aka bari ba a aiki da shi, kamfani yakan karɓe lambar bayan wani lokaci ya sayar wa wani, alhali Facebook da WhatsApp na mai tafiya biɗa suna ɗaure da ita. Mutanen Ƙwanni da ke riƙe da layi biyu, na nan da na ƙetare, sun ga irin wannan da idonsu: tun Disamba 2020 Najeriya ta ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, a Satumba 2024 wa'adi na ƙarshe ya cika, layukan da ba a haɗa ba aka toshe su. Wanda ke ciniki da Illelar Najeriya bisa layin aro, ya san abin da ya same shi. To kati kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa, takardar haihuwa kuma tana cikin biron da muka fara da shi. Kun ga yadda igiya ta zagayo. Duk lokacin da aka ce alƙali zai fito zaman ƙauye don ba da takardun haihuwa ga waɗanda ba su da su, kada a ce ana aikin gona.

Game da WhatsApp, magana ɗaya ta isa. In saƙo ya shigo da lambobi shida, sa'an nan wani ya kira ya ce kuskure ya yi, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko an ci kyauta, a karanta masa, to ƙofar gida yake nema. Da zarar an faɗa masa, ya shige, ya fitar da mai gida, ya shiga roƙon dangi kuɗi da sunansa. In abin ya riga ya faru, a sake shigar da lambar cikin WhatsApp, sabon saƙo zai zo ga mai riƙe da sim. In ɓarawo ya ƙara nasa kulli, sai a jira kwana bakwai. Kafin nan a sanar da dangi da baki.

Su ma kamfanoni da hukumomin da ke sa musu ido suna da nasu kaso. Saƙon da ke gaya wa mutum saura masa gwaji ɗaya a rufe asusunsa, da Faransanci yake zuwa, ga wadda ta koyi karatu da Hausa. Wane irin gargaɗi ne wannan? Fassara jimloli ashirin ba ta fi ƙarfin kamfanin da ke da miliyoyin masu layi ba. Haka nan bai dace mutumin Tajaye ko Bazaga ya ɓata yini da kuɗin mota don a sake masa lambobi huɗu ba. Ran kasuwa ma'aikaci na iya zuwa da ƴar na'urarsa, kamar yadda yake zuwa in sayar da layi ya kawo shi.

Ga malaman yaƙi da jahilci kuma ina da roƙo. A 2009 da 2010, a jahohin Doso da Damagaram, an gwada wani shiri mai suna ABC inda aka haɗa karatun manya da koyon aiki da salula, aka kuma samu ɗaliban da suka taɓa salula sun fi saura a rubutu da lissafi. Dalili a fili yake: abin da mutum ke aiki da shi kullum ba ya mantawa. A ƙara darasi ɗaya cikin zangon bana. Kowane ɗalibi ya zo da salularsa, ya duba da sunan wa layinsa yake, ya sake kod ɗinsa da hannunsa ba tare da malam ya gani ba, ya rubuta shi cikin littafinsa, ya kai gida.

Jikar baffana ta sami shiga jarrabawa, da kwana biyu kacal a rufe rajista. Da na koma biron nan makon jiya, na tarar inji na aiki. Na tambayi yaron ko yanzu akwai ambulan cikin akwatin ƙarfe. Ya yi dariya ya ce a'a, amma shi ya haddace kod ɗin sarai. Ya kuma gaya mini ya nemi a maida shi Tawa, yana jiran amsa.